Kwalbatin Ƙofar Yaya

Ba a taɓa cewa Mai Walda mutum ne mai daɗin zama ba, shi ma bai taɓa neman a ce ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, idanunsa kullum jajur saboda hasken walda, bakinsa kuma ba linzami. Idan ka kai masa ƙofa gyara, kafin ya taɓa ta sai ya gaya maka wanda ya ƙera ta ɓarawo ne, kai da ka saya kuma ba ka da ido. In ka ji haushi ka ɗauki ƙofarka ka tafi, ko kallonka ba zai yi ba. Ya san za ka dawo, don duk unguwar babu wanda waldarsa ke riƙe ƙarfe kamar tasa. Matarsa ta daɗe da daina ba mutane haƙuri a madadinsa, ta ce bakinta ya gaji.

Mutum ɗaya ce a duniya yake sassauta wa murya, yayarsa. Yana ɗan shekara shida uwarsu ta rasu, ita tana da goma sha bakwai. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, da keken ɗinkinta ta ciyar da shi har ta kai shi koyon walda. Gemunsa ya yi fari fat, amma har yanzu Auta take ce masa, shi kuma ya amsa da ladabi. Da wani ne ya gwada kiransa haka, da sai an raba.

Gidan Yaya shi ne na ƙarshe a layin, can ƙasan gangare. Kwatocin layin duka biyu a ƙofarta suke haɗuwa, su shige wata tsohuwar kwalbati da ta bi ta ƙarƙashin babban titi. Kwalbatin ƙarama ce, an yi ta tun unguwar ba ta wuce gida ashirin ba. Idan bakinta ya toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai ɗakin Yaya. Mijinta ne yake yashe ta lokacin yana da rai. Satin da mijin ya rasu, Mai Walda ya ƙera wata doguwar manjagara da rodi, ya sayi dogon takalmin roba, ya shiga kwalbatin ranar Asabar da safe. Bai yi shawara da kowa ba.

Daga nan ƙungiyar ta samo asali, in ma za a kira ta ƙungiya. Yana cikin kwata yana kwasar leda da robobi, yana zagin duk wanda ya wuce. Ya san sharar kowane gida. Sai ya ɗago wani abu a bakin shebur ya ce, “Mai Faci, ga tsohon tayanka nan, zo ka ɗauki ɗanka.” Kunya ta sa Mai Faci ya shigo. Bayansa direban tasi ya biyo, sai wani malamin makaranta mai ritaya, sai wasu uku. Su bakwai ke nan, aka riƙa ce musu 'yan Asabar. Ba shugaba, ba takarda, ba hatimi. Dokarsu ɗaya ce, shi kuma ya kafa ta: wanda ƙafarsa ba ta shiga kwata ba, ba shi da bakin magana. Da rani, in kwata ta bushe, sukan gyara kujerun makarantar unguwa, su cike ramukan layi, su ɗaura wa tsofaffi ƙofofin da suka ɓalle. Shekara goma sha tara suna haka, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofar Yaya ba ko sau ɗaya.

Sai ga surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya zo da labari. Yaro ne mai tsafta, yana da shagon buga takardu da hotuna, irin mutanen nan da ke goge kujera kafin su zauna. Ya ce akwai wata gidauniya da ke ba ƙungiyoyin sa kai tallafi. In an dace, za a rushe tsohuwar kwalbati a yi babba, a gina kwatocin da siminti, a rufe su da murafu. Amma da sharuɗɗa. Sai ƙungiya ta yi rajista, sai mambobinta sun kai ɗari, sai an aika hotunan ayyuka, sannan jami'arsu ta zo ta ga matsalar da idonta.

Mai Walda ya ɗage gilashin waldarsa ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, “Ɗari? Kwatar ma ba za ta ci mutum ɗari ba. Tashi ka ba ni wuri.”

Surukin bai tashi ba. Ya ce, “Baba, shekararka sittin da ɗaya. Ranar da ba za ka iya sunkuyawa ba, wa zai shiga kwalbatin nan?”

Wannan magana ta shige shi, ya kuma tsani yaron saboda ita, domin gaskiya ce. Malam mai ritaya ya riga ya daina ɗaukar baro. Direban tasi hawan jini ya kama shi. 'Ya'yansu kuwa ba wanda ya gaji shebur. Mai Walda ya mayar da gilashinsa ya ce a yi abin da za a yi, kada dai a dame shi.

Aka kuwa yi. Cikin wata biyu 'yan Asabar suka tashi daga bakwai zuwa ɗari da arba'in da uku. Wanda ya ji ana maganar tallafi ya zo, wanda ya ji ana raba riga ya zo, har waɗanda suka shekara goma sha tara suna zuba shara a kwatar suka kawo hotunansu aka manna a kati. Aka raɗa wa ƙungiya dogon suna mai haɗin kai da cigaba a ciki. Aka yi zaɓe a wani aji na makarantar unguwa. Mai Kemis ya zama shugaba, mutumin da ko tsintsiyar shagonsa bai san inda take ba. Suruki ya zama sakatare. Mai Walda kuma aka naɗa shi Uban Ƙungiya, aka tafa masa. Ya gane abin da ake nufi sarai, wato zauna can ka yi shiru.

Asabar ta koma ranar kwalliya. Mutum arba'in za su fito sanye da riguna masu ƙyalli, a jera, a ba kowa tsintsiya sabuwa fil, Sakatare ya ɗauki hoto, a karɓe tsintsiyoyin a mayar shagon Mai Kemis kada su yi datti. An dasa bishiya guda ɗaya sau uku a wurare uku, don kowace dasawa da hotonta, har bishiyar ta gaji ta mutu. An shafa wa duwatsun bakin titi farin fenti. Cikin kwata kuwa su bakwai ɗin nan ne dai, sai wasu mutum biyu da Allah ya shirya. Mai Walda yakan ɗago kai daga cikin caɓi ya ce, “Taron tsintsiya, ba shara.” Su yi dariya, su ce Baba akwai barkwanci. Wannan dariyar ta fi zagi ƙona masa rai.

Ana gab da faɗuwar damina takarda ta iso, jami'ar gidauniya za ta zo nan da sati huɗu, ranar Alhamis. Aka kira taro. Mai Kemis ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa, ya ce yana da wata shawara mai ɗaci amma mai amfani, kamar magani. Ya ce ya samu labari, wata unguwa ta nemi irin wannan tallafi bara, jami'a ta je ta tarar da kwatocinsu tas, ta rubuta cewa ba su da matsala, aka hana su.

“Saboda haka,” in ji shi, “daga yau har ta zo ta tafi, ba wanda zai taɓa kwata. A bar ta ta nuna halinta. Gani ya kori ji.”

Mai Walda ya miƙe, kujerar yaran da yake kai ta faɗi. Ya ce, “Kai, Mai Kemis, ka san inda kwalbatin take ma kuwa?”

“Uban Ƙungiya, a bi doka, a ɗaga hannu kafin a yi magana.”

“Dokar uban wa? Hadari na haɗuwa kullum da yamma, kana cewa a bar kwata. Gidanka yana kan tudu. In ruwa ya zo, ɗakin wa zai shiga?”

“Sati huɗu ne kawai, Dattijo. Ruwan farko ba ya ƙarfi.”

“Kai ke aiko shi?”

Aka yi ta hayaniya. Wani daga baya, wanda ko sunansa Mai Walda bai sani ba, ya ce tsofaffin nan su ne ke hana unguwa cigaba. Aka ce a ƙirga hannu. Hannu sittin da wani abu suka tashi, hannaye masu laushi da ba su taɓa yin kanta ba. Shida suka ƙi. Mai Faci, wanda suka shekara goma sha tara tare cikin kwata, ya sunkuyar da kai ya ɗaga nasa tare da masu yawa. Mai Walda ya tofar da yawu a bakin ƙofa, ya ce shi bai nemi izinin kowa ba ranar da ya fara, ba kuma zai nema yau ba.

Da a nan ya tsaya, da labarin ya ƙare lafiya. Amma washegari Sakatare ya same shi a shago, ya tsuguna a gefen janareta, bai ko goge wurin ba. Ya buɗe masa zanen sabuwar kwalbatin, faɗinta ya isa mutum ya shiga a tsaye. Ya ce, “Baba, ni ma ba na son Mai Kemis. Amma in ka yashe ta, ka yashe tallafin. Asabar huɗu ka ba mu, mu ba Yaya kwanciyar hankali har ƙarshen ranta. Don ita nake roƙonka.”

Mai Walda ya daɗe yana kallon zanen. Ya san aiki in ya gan shi, kuma zanen mai kyau ne. Mutumin da bai taɓa bin maganar kowa ba a rayuwarsa, ranar ya bi, kuma ya zaɓi mafi munin rana ya fara. Ya jingine manjagara a bayan shago ya ce, “Huɗu. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba.”

Bai gaya wa Yaya ba. Ya san abin da za ta ce, ya kuma san ba zai iya musa mata ba. Asabar ta farko ya je gaishe ta da rana, ya same ta a kan keke tana haɗa kayan makarantar yara, ƙafafunta da suka kumbura a kan ɗan matashi. Ba ta ɗago ba ta ce, “Auta, yau ba Asabar ba ce? Ban ji ƙarar sheburinka ba.”

Ya ce, “Bayana ne ya riƙe, Yaya.”

Ta tsayar da keken. Ta dube shi da tausayi, ta ce ai ta daɗe tana faɗa masa ya rage, jiki ba ƙarfe ba ne. Ta jawo wata 'yar kwalba ta man zafi da take shafa wa gwiwoyinta, ta tura masa, ta ce ya ba matarsa ta murza masa sosai. Ya karɓa. Tun yana yaro bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar, kuma kunya ta hana shi ko kallon fuskarta.

Mutanen layin kuwa da suka ga ba mai zaginsu, sai suka saki jiki. Asabar ta biyu kwata ta cika da leda. Ta uku ta fara wari, sauro ya samu gida. Ana saura kwana biyar jami'a ta zo, Mai Walda ya bi ta wurin ya ga tsohuwar katifa a cushe a bakin kwalbatin. Katifa ba ta da ƙafa, wani ne ya kawo ta, kuma ya san daga wane ɓangare. Ya tsaya a kanta, hannunsa na ƙaiƙayi. Jan minti biyu ne, da hannu ɗaya ma zai fitar da ita. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga garau. Ya ce a ransa kwana biyar ne, ya wuce.

Ranar Talata da azahar gari ya yi baƙi. Yana tsakiyar ɗaura ƙafar wani gado iska ta taso, kafin ya kashe janareta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya fizgi manjagara ya fita da gudu, ba takalmi. Tun daga tsakiyar gangare ya san ya makara. Ƙasan layin ya zama tafki, baƙin ruwa yana juyi da robobi da ƙazantar sati huɗu. Ya kutsa har ruwa ya kai masa ƙirji, yana lalube da manjagara, bai ko taɓo bakin kwalbatin ba. Ya yar da ita ya nufi gidan.

Ruwa ya kai cinya a ɗakin Yaya. Ya same ta a kan teburin yankan yadi, ta naɗe ƙafafu, ta rungume abin da ta iya cetowa na ɗinkin mutane. Sauran yadudduka suna yawo a kan ruwa. Keken da ta yi sama da shekara hamsin da shi ya nutse, kansa kawai ake gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ya juya mata baya ya durƙusa, ta hau. Ya fito da ita ya haura gangaren, ruwa na dukansu, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Sun kusa kaiwa tudu ta ce masa a kunne, a hankali, “Ashe bayan ya warke.”

A kan barandar wani shago, inda ruwa bai kai ba, Mai Kemis na tsaye riƙe da lema, yana nuna wa Sakatare inda zai ɗauka. “Ɗauko su, ɗauko tsohuwar a bayansa. Wannan shi ne hoton.” Fuskarsa har sheƙi take. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Mai Walda ya kai Yaya gidansa ya sauke ta, ya dawo. Mutum huɗu ne suka ɓamɓare hannunsa daga wuyan rigar Mai Kemis. Surukinsa kuwa ya gaya masa, a gaban jama'a, in ya sake taka ƙofar gidansa sai ya karya masa ƙafa.

Jami'a ta zo ranar Alhamis, ta ga layin laka a bangon ɗakin Yaya, ta toshe hanci, ta yi rubutu. Tallafi ya fito. A taron murna aka dakatar da Uban Ƙungiya saboda rashin ɗa'a, da hannu tamanin da ɗaya. Hoton nan kuwa aka buga shi ƙato a kan kyalle aka rataya a bakin titi, shi goye da yayarsa, a ƙasa an rubuta sunan ƙungiya da cewa tana tare da al'umma a lokacin bala'i.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Kwana goma Yaya ta yi a gidansa, a cikinsu ta ji komai daga bakin mata masu zuwa jaje, har da taron, har da katifar. Ba ta tambaye shi ba. Ta ci abincin gidansa, ta gode wa matarsa, ta aika aka kira waɗanda suka kawo mata ɗinki ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Waɗansu suka yafe, waɗansu suka faɗi maganar da ba a faɗa wa tsohuwa. Sannan ta kira ɗanta da ke aiki a wani gari mai nisa ta ce ya zo ya ɗauke ta.

Ranar tafiya Mai Walda ya fito da keken. Ya riga ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke, ya shafa mai, har yana juyawa sumul. Ya sa a bayan motar ɗanta da kansa. Yaya na zaune a gaba, gilashi a sauke. Ya zo ya tsaya a gefenta. Ya ce nan da wata uku za a gama sabuwar kwalbati, zai sake mata daɓen ɗaki, ya yi fenti, ruwa ba zai ƙara shiga ba har abada.

Ta ce, “Na ji an ƙirga hannu. Ka ɗaga naka?”

“Ban ɗaga ba, Yaya. Wallahi ban ɗaga ba. Na zage su tas. Mai Kemis ne ya kawo maganar, shi da yaron nan, su ne suka...”

Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta ce, “Ni ba ni da magana da Mai Kemis. Bai san ni ba, ban san shi ba. Cikin ɗari da arba'in ɗin nan naku, mutum ɗaya na raina. Shi ya zauna a ɗakina, ya san abin da ke bakin ƙofata, ya karɓi man zafina ya tafi.”

Ta ce wa ɗanta su tafi, rana na yi.

An gina kwalbatin, kuma ta yi kyau, ba mai musun wannan. Ruwa na wucewa ta ƙofar gidan salin alin, gidan kuma a kulle. Ƙungiya ta haura mutum ɗari uku, har tana neman tallafi na biyu. Mai Walda yana nan a shagonsa, ya ƙara tsufa, ba ya magana da Mai Faci, ba ya magana da surukinsa, 'yarsa ma sai ta zo ita kaɗai. Ya sake daɓen ɗakin kamar yadda ya ce, ya yi fenti, ya ɗaura sabuwar ƙofa. Duk sati yana kiran wayar Yaya don ya gaya mata an gama. Ɗanta ne ke ɗauka, ya gaishe shi da ladabi, ya ce tana hutawa.